Dodon da Tela Ya Yi wa Gyara

Wani ne, Allah ya ba shi ido amma bai sa masa burki a baki ba. Duk abin da ya kalla sai ya ga aibinsa, in ya gani kuma ba ya iya haɗiyewa. Ka sayi sabon takalmi ka nuna masa, sai ya ce na hagun ya fi na daman fara'a. A kai shi ganin jariri, kowa na tubarkalla, shi yana leƙe yana cewa hancin nan dai sai haƙuri. Ba mugu ba ne fa. Shi a ransa taimakon jama'a yake yi.

Saboda wannan hali babu inda ba a kore shi ba. Gidan kallon ƙwallo sun kore shi, don ba ya bayan kowa, ƙungiyoyin biyu yake kushewa ya haɗa da alƙalin wasa da ciyawar fili. Mai shayi ya ce ya yafe cinikinsa. 'Yan hirar ƙofar gida da sun hango shi sai kowa ya tuna yana da uzuri. Da waje ya ƙare masa sai ya tare a gida ya juya kan matarsa. Labule ya karkace. Jiya gishiri ya yi yawa, yau ya yi kaɗan. Tsintsiya ba haka ake riƙe ta ba. Baiwar Allah ta yi haƙuri har haƙurin ya gaji da ita, ran nan ta saɓi mayafinta ta nufi garejin yayanta.

Yayan nata bakanike ne, ƙaton mutum, mai ƙarancin magana. Ta same shi a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani, ta tsuguna ta yi wa ƙafafun bayani. Ta ce ta san duk ranar hutu da yamma yana zuwa shagon Tela yin wani wasa, don Allah ya riƙa tafiya da mijinta ko ta samu ta sha iska. Ƙafafun suka ce a'a. Ta ce to shi ke nan, za ta kwaso yara su dawo gidan Yaya da zama, shi ma maigidan ai zai riƙa biyo su kullum. Sai ƙafafun suka ce a turo shi.

To bari in gaya muku wasan, don na ga wasunku sun fara zare ido. Wasan labari ne da ake yi a kan tebur. Kowa yana da jaruminsa a rubuce a takarda, da ƙarfinsa da makaminsa. Mutum ɗaya ke jan labarin, ya ce kun shiga daji, kun ji motsi, ga dodo ya fito, me za ku yi? Kai kuma ka ce zan sare shi. Sai ka jefa ƙwaya mai lambobi irin ta lido, in ta ba da babbar lamba ka same shi, in ta ba da ƙarama ka sari iska. Jarumin da ya daɗe bai mutu ba ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. In ya mutu kuwa ya mutu, sai ka koma farko da sabon jarumi wanda ko akuya ta tunkuye shi sai ya kwanta jinya.

Tela ne ke jan labarin, a kan teburin da yake yankan yadi. Yana da wani tsohon littafi mai kauri, cike da hotunan dodanni, ɗinkinsa ya daɗe da saki, shafukan a warware suke. In dodo zai fito sai ya zaro shafinsa ya ajiye a tsakiya kowa ya gani. Masu wasan su uku ne: Yaya, da Mai aski na shagon kusa, da ƙanwar Tela, wadda take aikin jinya, kowa na ce mata Sista.

Abu biyu ne Yaya ya manta bai gaya wa mutumin naku ba. Na farko, dokar teburin: yadda hoto ya nuna dodo, haka dodon yake, ba ƙari ba ragi. Na biyu, halin Tela. Mutum ne mai ji da aikinsa, wanda ya yi rantsuwa ba a fita daga shagonsa da ƙorafi. Ka ce masa hannun riga ya yi gajere, ba zai yi musu ba, ba zai ce ka dawo gobe ba, a nan take zai gyara kana tsaye. Kuma shi duk abin da ya hau teburin nan yadi ne.

Ranar farko aka ba mutumin kujerar roba da jarumi mai riƙe fitila a bayan tawaga. Tela ya ce sun iso fadama, ruwa ya fara tafasa, sai ya zaro shafi ya ajiye. Wani ƙaton kwaɗo ne mai tulun ciki da baki har kunne, da wasu 'yan hannuwa ƙanana a maƙale a ƙirji. Sista ta yi murmushi. Jarumarta maharbiya ce, ta ce ta hau bishiya. Daga can ta riƙa ɗirka masa kibiya, shi kuwa yana ƙasa yana miƙa 'yan hannuwansa ba ya kai wa ko reshen farko. Saura ƙiris ya faɗi.

Sai mutumin naku ya jawo shafin gabansa. Ya karkata kai. Ya yi tsaki.

"Wanda ya zana wannan ya taɓa ganin hannu kuwa?"

Aka yi tsit. Shi kuwa ya ɗauka sauraro ne, ya gyara zama. Ya ce a duba girman cikin nan, a duba hannuwan nan, da me yake kai abinci baki har ya tara wannan tumbi? In ƙaiƙayi ya kama shi a baya wa ke sosa masa? Ya ce wannan ba dodo ba ne, abin tausayi ne, kamata ya yi a kai shi asibitin Sista.

Tela ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci.

"Yallaɓai, hannun ne bai yi maka ba?"

"Ya yi gajere."

"A ƙara kamar yaya?"

Yaya ya harbe shi a ƙarƙashin tebur. Mai aski ya taka masa ƙafa. Gogan naku ya leƙa ƙasa ya ce teburin nan ma rawa yake yi, ya kamata a duba shi. Tela ya zare tef ɗin awo daga wuyansa, ya auna hannun kwaɗo, ya ciro biro daga bayan kunne ya fara ja. Ya ja ya tsaya ya dube shi. Mutumin ya ce a ƙara. Ya ja har gefen takarda. Ya ce a ɗan ƙara. Da wuri ya ƙare sai Tela ya lanƙwasa hannun ya haura da shi sama ta gefen shafi, har ya wuce kan kwaɗon, ya yi masa yatsu biyar da farce.

"Haka ya yi?"

"Yanzu ka zo da magana."

Tela ya mai da biro bayan kunne ya jefa ƙwaya. Ya ce kwaɗo ya miƙa hannu, ya tsinko maharbiya daga kan bishiya, ya jefa a baki.

Sista ba ta yi faɗa ba. Ta ninke takardar jarumarta a hankali ta sa a jaka. Ta ce masa kowane ɗan Adam yana da ranar zuwa asibiti, kuma ranar da tasa ta zo ita da kanta za ta yi masa allura, ita za ta zaɓi allurar.

A hanyar gida Yaya ya yi masa bayanin doka da halin Tela, da irin muryar da yake yi wa wanda ya zuba ruwa a tankin mai. Mutumin ya saurara tsaf, ya ce ya gane, amma a gaskiya laifin mai zanen ne.

Da ranar wasa ta zagayo matarsa ta cika masa aljihu da alawa. Ta ce duk sanda ya ji magana ta taso masa ya jefa ɗaya a baki. Ya yi mata alƙawari, ya yi wa Yaya alƙawari, ko kalma ɗaya ba zai furta a kan hoto ba.

Ran nan tawaga ta shiga kogon wani dodo ta kwaso dukiyarsa, ya farka ya biyo su. Tela ya ajiye shafi. Dabba ce mai jikin sa da kan ƙadangare, ƙatuwa, ta cika takarda. A gadon bayanta kuma ga wasu 'yan fuka-fukai, ko na ɗan tsako sun fi su. Mai aski, wanda jaruminsa boka ne mai dabara, ya ce su ruga kogi su faɗa jirgin ruwa. Suka faɗa. Dodo ya tsaya a bakin ruwa yana huci, don bai iya iyo ba. Abin da ya rage kawai a kai gaɓar can, kuma mutumin naku ya yi shiru.

Idonsa ya sauka kan fuka-fukan. Ya jefa alawa. Ya kau da kai ya kalli keken ɗinki, ya kalli dutsen guga, idon ya dawo da kansa. Ya jefa biyu. Ya dubi girman jikin, ya dubi fuka-fukan, ya kwashi sauran alawar duka ya cusa. Kumatunsa suka kumbura, gumi ya keto masa, wata jijiya ta miƙe a goshinsa. Wallahi da kun gan shi sai kun tausaya masa.

Tela kuwa shekarunsa nawa yana karanta fuskar masu karɓar ɗinki. Ya san fuskar wanda zai ce ya yi kyau ya je waje ya zage shi. Ya ajiye ƙwaya.

"Yallaɓai, na ga fuskarka. Akwai gyara?"

Yaya ya yi caraf ya ce babu gyara, hoto ya yi kyau, shi bai taɓa ganin hoto mai kyau irinsa ba. Tela ya ce ba shi ya tambaya ba. Mutumin ya girgiza kai da ƙarfi, ya cika alƙawari, bai ce uffan ba. Sai dai yatsansa ne ya bar hannunsa ya yi tafiyarsa a kan tebur, ya je ya tsaya cak a kan fuka-fukan. Tela ya ce bai gane ba. Sai bawan Allah ya maƙale gwiwar hannu a haƙarƙari ya fara kaɗa tafukansa, fir fir fir, yana kumbura ciki, yana nuna wai ya yunƙura zai tashi ya faɗo.

Tela ya ce ya gane. Ya duba shafin ya ga babu wurin ƙari. Ya tashi ya yanko takardar awo guda biyu, ya hau keke, ya ɗinke su a gefe da gefen shafin, har da kalmasa. Ya zana fuka-fukai a kansu, ya buɗe, suka rufe rabin tebur har ɗaya ya shiga kofin shayin Yaya. Sannan ya jefa ƙwaya. Dodo ya tashi sama, ya zagaya kogi, ya sauko ya suri bokan Mai aski daga cikin jirgi, hularsa kawai aka tsinta a ruwa.

Mutumin ya haɗiye alawa da ƙyar ya ce, "Kowa shaida ne ban yi magana ba."

Mai aski ya ce ya ci gaba da zuwa aski shagonsa, ba komai, reza dai ba ta da ido.

Yanzu tsohon jarumi ɗaya ya rage a tawagar, na Yaya. Mai Gatari ake ce masa. Shekara da shekaru Yaya yana renonsa, tun yana tsoron karnuka har ya kai yana sare dodo gida biyu. Takardarsa ta sha baƙin mai har ta yi sheƙi, a aljihun gaba yake ajiye ta. Ka tambayi Yaya ajin da 'ya'yansa suke a makaranta sai ya yi tunani, amma ka tambaye shi tabon da ke jikin Mai Gatari, zai lissafa maka inda ya samo kowanne. A bakin shago Yaya ya riƙe wuyan rigar mutumin, bai ɗaga murya ba.

"Mijin ƙanwata, saurara. In wani abu ya sami Mai Gatari ta dalilinka, ba kai ba kujerar nan har abada. Ko ƙanwata ta kwaso yara da kaji ta dawo gidana."

Mutumin ya koma gida jiki a sanyaye. Aka kawo abinci ya ci bai ce komai a kan gishiri ba, har matar ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Ya ce mata shi fa yana son wurin nan. Yana son ƙarar ƙwaya a kan tebur, yana son ɗan mai fitilarsa, yana ƙosawa ranar ta zo. Kuma tunda yake a duniya yana gaya wa mutane gyara, Tela ne kaɗai ya taɓa ji ya gyara. In aka kore shi daga nan bai san inda zai sa kansa ba. Matar ta san inda zai sa kansa, shi ya sa hankalinta ya fi nasa tashi.

Can ta tambaye shi, wai shi Telan nan ƙari kaɗai ya iya? In aka kai masa riga ta yi yawa fa, me yake yi mata?

Mutumin ya tsaya da loma a hannu. Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya ce wannan shawara ta yi, sai dai ta ɗan makara da kawo ta.

Ranar wasa ta zo. Tela ya share tebur, ya kawar da ƙyallaye, ya ce yau tawaga ta iso fadar uban dodanni. Wannan shafin ya daɗe yana ɓoyonsa a ƙasan littafi. Ya zaro shi da hannu biyu ya shimfiɗa. Jama'a, abin ba kyan gani. Kawuna bakwai, kowanne da ƙaho da haƙora. Fuka-fukai na gaske, ba irin na wancan ba. Farce kamar lauje. Jela mai ƙari a ƙarshe. Sista da Mai aski suka dubi sababbin jarumansu, suka ce su dai za su tsaya kusa da mai fitila. Yaya ya ciro takardar Mai Gatari ya shafa ta.

Mutumin naku ya yi gyaran murya. Yaya ya laluba aljihu ya ciro sifana ya ajiye a kan tebur.

"Tela, wannan ya yi yawa."

Tela ya sauke tabarau. Ya ce me ya yi yawa?

Mutumin ya ce kawunan. Kai bakwai a wuya ɗaya, in mura ta kama shi wane hanci zai fara facewa? In za su kwanta matashi nawa za a nema? Ya ce mai zanen bai san inda zai tsaya ba ne, kamar wanda aka ce in bai ƙarar da tawada ba za a doke shi. Tela yana son dodon nan. Amma rantsuwa rantsuwa ce. Ya jawo babban almakashinsa ya ce a rage nawa? Mutumin ya ce a fara da na gefen nan mai harara. Ƙyas. Kai ya faɗo kan tebur.

Sista ce ta fara ganewa. Ta zunguri Mai aski. Mai aski ya dubi Yaya. Yaya ya dubi kan dodo a yashe kusa da kofinsa, ya sa hannu a hankali ya mai da sifana aljihu.

Sista ta ce, "Yallaɓai, wancan kan na biyu fa, kai ka ga ya zauna daidai?"

Ya ce ina fa, a karkace yake. Ƙyas. Mai aski ya ce shi ba gwani ba ne, amma yana son jin ra'ayin masana a kan fuka-fukan. Mutumin ya ce sun yi kama da laimar da iska ta juya. Ƙyas, ƙyas. Ya ce farcen nan ƙazanta ce, dodo mai mutunci ba ya barin farce haka. Ya ce jelar ba ta san inda ta dosa ba. Ya ce ƙafafun gaba da na baya kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Almakashi yana ta aiki, guntayen dodo suna taruwa a gaban Tela, shafin yana ta zama huji.

Ku tuna mutumin nan tunda aka haife shi ba a taɓa roƙonsa ya yi kushe ba. Yau ga Sista tana ƙara masa shayi da hannunta, ta ce zancen allura wasa take yi. Ga Mai aski yana masa fifita da kwali. Yaya da kansa ya dafa kafaɗarsa ya ce surukina na kaina, dama na san kana da amfani, wurin ne ba a samo ba. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙe tsaye, ya naɗe hannun riga, yana zagaya tebur yana nuni, kai na ƙarshe ma bai tsira ba.

Abin da ya rage a tsakiyar shafin wani dunƙule ne kawai, ba kai ba ƙafa, 'yan siraran takarda ke riƙe da shi. Yaya ya ɗauki ƙwaya yana dariya. Ya ce ya isa haka, suruki, zauna ka huta, sara ɗaya Mai Gatari zai yi masa.

Amma motar ta riga ta kama gangara. Mutumin ya tsaya a kan dunƙulen, ya karkata kai, ya yi tsaki.

"Wannan kuma mene ne? Dodo ne ko ƙullin wanki?"

Yaya ya ce a bar shi haka, ya yi kyau. Sista ta ja rigar mutumin. Ya fizge. Ya ce shi ba zai ga ɓarna ya yi shiru ba, wannan abin kunya ne ga littafin, abin kunya ne ga shagon.

"Gara babu da wannan."

"Yallaɓai, ka ce gara babu?"

"Na faɗa."

Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Dunƙule ya faɗo. Shafi ya zama ƙaton huji da ɗan farin gefe a zagaye.

Mai aski ya fara tafi, ya ce shi ke nan an gama da uban dodanni ba a ko zare makami ba. Tela ya tattara guntayen ya zuba a gwangwanin maɓallai, ya goge almakashi, sannan ya ɗaga shafin ya tambaye su me suke gani. Suka ce ba komai. Ya ce to jarumansu ma haka. Ya ce shi dai bai ji wani ya sari dodo ba, kuma dodo ba ya mutuwa da almakashi. Doka ta ce yadda hoto ya nuna shi haka yake. Hoto ya nuna ba a ganinsa.

Yaya ya ce to da me zai yi faɗan, ba kai, ba farce, ba jela?

Tela ya ce, "Nauyinsa yana nan. Babu wanda ya kawo ƙorafin nauyi."

Mai Gatari ya kai sara gabas, ya sari iska. Ya kai yamma, ya sari iska. Yaya ya hura ƙwaya, ya yi mata magana a kunne, ya jefa, ta ba da mafi ƙanƙantar lamba. Tela ya jefa tasa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, don shi ma ya san Mai Gatari tun yana ƙarami. Ya ce wani abu da ba a gani ya mirgino daga baya, ya hau kan Mai Gatari ya zauna. Ya ce gatarin dai an samu.

Yaya ya zuba wa takardar nan mai baƙin mai ido. Ƙaton mutum irin wannan, sai ga hawaye. Mutumin naku ya lallaɓa ya zauna, ya riƙe hannun kujerar robar gam da hannu biyu.

Yaya ya miƙe. Sista ta shiga tsakani, ta ce ya dubi Allah ya dubi ƙanwarsa, baiwar Allah nan ba ta yi laifin komai ba, ita za a mayar wa da shi. Tela ma ya sa baki, ya ce a shagonsa ba a korar mai kawo gyara. Yaya ya yi ta huci, can ya ce to, saboda ƙanwarsa zai ba shi dama ɗaya. Sau ɗaya a rayuwarsa ya kalli abu ya ga laifin kansa, ba na wani ba. In ya faɗa da bakinsa, kujera tasa ce.

Ya fizgi shafin ya ɗaga shi a gaban mutumin, ya matso har fuskarsa shi Yaya ta cika hujin. Idanu jajur, hanci a buɗe, haƙora a waje, jijiyoyi sun miƙe, ga baƙin mai da hawaye sun dama a kumatu.

"Kalli nan. Kalla da kyau ka gaya min abin da ka gani."

Mai aski ya sunkuyo ya raɗa masa a kunne, ka ce na ga laifina, Yaya. Sista ta maimaita masa ta ɗaya kunnen. Mutumin ya gyaɗa kai. Ya buɗe baki. Ya dubi shafin. Ya ɗan ja da baya, ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya.

"Tela, wannan kam dodo ne, ba ni da abin cewa. Kunnuwan kawai za ka ɗan rage."